Yadda Malami Zai Koyar da Aji Ɗaya Mai Basira Iri-iri

Duk malamin da ya daɗe yana riƙe da alli ya san irin wannan yaro: a takardar jarrabawa kullum yana can ƙasa, amma da zarar an ce a sake jera kujerun aji yadda kowa zai hangi allo, ko a gyara wani abu da ya kwance, shi ne yake fara gane yadda za a yi. Akwai kuma yarinyar da ba ta cika ɗaga hannu ba, amma idan saɓani ya tashi a rukuninsu ita ce take sanin wanda ransa ya ɓaci da kalmar da za ta sa ya huce. Malami yana ganin waɗannan baiwa kullum, abin da yake yi masa wuya shi ne yadda zai sa su yi wa karatu aiki ba tare da darasin ya koma wasa ba.

Kafin a shiga yadda ake yi, yana da kyau a san inda tunanin ya samo asali, domin yawancin kurakuran da ake tafkawa a aji daga rashin sanin asalin suke fitowa. A shekarar 1905 Alfred Binet da Théodore Simon suka fitar da gwajin basira na farko a Faransa, da nufin gano yaran da ke buƙatar ƙarin taimako a makaranta. Daga baya aka mayar da sakamakon irin wannan gwaji lamba ɗaya tak, wadda ake kira IQ, kuma mutane da yawa suka ɗauka cewa lambar ita ce iyakar abin da ke cikin kan mutum. A shekarar 1983 Howard Gardner na Jami'ar Harvard da ke Amurka ya wallafa littafinsa mai suna Frames of Mind, inda ya ƙalubalanci wannan fahimta. Ya yi aiki da yara masu tasowa, ya kuma yi aiki da manyan da suka samu rauni a ƙwaƙwalwa a wani asibiti a Boston, inda ya ga mutumin da magana ta kufce masa amma yana iya rera waƙa, da wanda harshensa lafiya lau amma ba ya iya gane hanya. Ya ce idan ɗaya na iya lalacewa ɗaya ya tsira, to ba abu guda ba ne.

Da farko ya lissafa basira bakwai. Akwai ta harshe, wato iya sarrafa kalma a baki da a rubuce. Da ta lissafi da bin hujja daki-daki. Da ta sauti da kari. Da ta siffa da bagire, irin wadda mai zanen gini da matuƙin jirgin ruwa suke aiki da ita. Da ta sarrafa jiki da hannu, wadda likitan tiyata da ɗan wasan tsalle suka yi tarayya a cikinta. Da ta fahimtar mutane. Sai ta sanin kai, wato mutum ya san abin da yake ji da abin da yake iyawa da inda yake da rauni. A tsakiyar shekarun 1990 ya ƙara ta takwas, basirar lura da halittu da rarrabe su, kamar tsirrai da dabbobi da yanayi. Masana halayyar ɗan Adam ya rubuta wa littafin, amma malaman makaranta ne suka rungume shi, har a shekarar 1987 wasu malamai takwas suka buɗe makaranta a birnin Indianapolis na Amurka bisa wannan tsari.

Gaskiyar da ya kamata malami ya riƙe ita ce masana ba su haɗu a kan wannan ra'ayi ba. Tun a shekarar 1904 Charles Spearman ya nuna cewa wanda ya yi kyau a gwaji iri ɗaya yakan yi kyau a sauran, kuma wannan sakamako ya ci gaba da fitowa har yau, shi ya sa da yawa daga cikin masu auna basira suke ganin wasu daga cikin abubuwan da Gardner ya lissafa sun fi dacewa da a kira su baiwa ko gwaninta. Akwai kuma wani ruɗani da ya fi wannan illa a aji, wato haɗa ra'ayin Gardner da abin da ake kira salon koyo, inda ake cewa wannan yaro da ido yake koyo, wancan da kunne, saboda haka a koyar da kowa ta hanyarsa kaɗai. A shekarar 2008 Harold Pashler da abokan aikinsa uku suka bi diddigin binciken da aka yi a kan haka, ba su sami hujjar da ta isa ta nuna cewa daidaita koyarwa da salon da yaro ya zaɓa tana ƙara masa fahimta ba. Shi kansa Gardner ya fito a shekarar 2013 ya bayyana cewa basira iri-iri daban, salon koyo daban. A ganina abin da malami zai ɗauka ya amfana da shi, ko da muhawarar masana ba ta ƙare ba, shi ne shawarar da Gardner ya sha maimaitawa: muhimmin darasi a gabatar da shi ta hanyoyi da dama ga dukkan 'yan aji, kuma a san kowane ɗalibi gwargwadon iko.

Matakin farko bai shafi basirar yara ba sam, ya shafi malamin ne. Ya zauna ya rubuta, cikin jimla ɗaya, abin da yake son ɗalibi ya iya yi idan darasi ya ƙare. “Su san lissafin kashi” bai isa ba, domin ba a san ranar da za a ce an cim masa ba. “Su iya faɗin wanda ya fi girma tsakanin sulusi da rubu'i, su kuma kawo dalili” ya isa. Wannan jimla ita ce ma'aunin da za a ɗora duk wata dabara a kai, kuma duk aikin da ba ya kai yaro gare ta, komai daɗinsa, a ajiye shi gefe. Malamai da yawa sukan fara da tambayar kansu wace waƙa za a rera ko wane zane za a yi, sai a tashi aji cikin nishaɗi amma washegari babu wanda ya tuna abin da aka je koyo.

Bayan haka sai lura. Akwai takardun tambayoyi da ke yawo a intanet waɗanda yaro zai cika su gaya masa irin basirarsa, amma waɗannan abin da yaro yake so suke aunawa, kuma son abu da iya shi ba lallai su zo ɗaya ba. Abin da ya fi su amfani shi ne ƙaramin littafi da malami zai ware, kowane ɗalibi da shafinsa. Ya riƙa duba abin da yaro yake yi idan an ba shi zaɓi, da abin da yake yi lokacin hutu, da irin tambayar da yake yi, har ma da irin rashin jin da yake nunawa, domin mai yawan surutu da mai zane a bayan littafi da mai buga tebur da yatsu kowannensu yana faɗa wa malami wani abu game da kansa. A aji mai yawan ɗalibai ba za a iya lura da kowa a rana ɗaya ba, sai a ɗauki biyar a wannan mako, biyar a na gaba. Abin da za a rubuta shi ne abin da ido ya gani, misali “ya zana taswirar hanyar gidansu daidai ba tare da an nuna masa ba”, a guji yanke hukunci irin na “ba shi da kan lissafi”. Iyaye ma suna da labarin da malami ba shi da shi, kuma tambaya ɗaya game da abin da yaro yake shagala da shi a gida takan buɗe abin da zangon karatu guda bai buɗe ba.

Daga nan sai a zo kan tsara darasin, kuma nan ne aikin yake. A ɗauki misalin sulusi da rubu'i. Yara da yawa za su ce rubu'i ya fi girma, dalilinsu kuwa mai ma'ana ne a wurinsu: huɗu ta fi uku. Malamin da ya tsaya kan maimaita ƙa'ida a allo zai samu su haddace ta, amma tsohon tunanin yana nan kwance a ƙasa, kuma zai taso ranar jarrabawa. To sai ya raba wa kowane ɗalibi zirin takarda biyu masu tsawo ɗaya, a naɗe ɗaya gida uku, ɗaya gida huɗu, a yanke kashi ɗaya daga kowanne a jera su gefe da gefe. Hannu ya yi aiki, ido ya gani. Sannan ya fito da ɗalibai goma sha biyu gaban aji ya ce su rabu gida uku daidai, a ƙirga a ga huɗu-huɗu. Su sake rabuwa gida huɗu, a ga uku-uku. Yaron da ke tsaye a cikin rukunin ya ga da idonsa yadda rukuninsu ya ragu da aka ƙara yawan masu rabo. Daga nan a ja layi a allo daga sifiri zuwa ɗaya, a kira wasu su sa alama inda sulusi da rubu'i suke. A ƙarshe kowa ya koma kujerarsa ya rubuta da kalmominsa dalilin da ya sa kashi yake ƙanƙancewa idan lambar ƙasa ta ƙaru, sannan ya gwada da ɗaya bisa biyar da ɗaya bisa takwas, waɗanda ba a naɗe takarda a kansu ba.

A lura da abubuwa biyu a wannan darasi. Na farko, duk ɗaliban sun bi ta dukkan hanyoyin, ba a ware masu naɗin takarda daban da masu rubutu daban ba. Wanda hannunsa ya fi kaifi ya fara ganewa a wurin naɗi, wanda ya fi jin lamba ya fara ganewa a kan layi, amma kowannensu ya ƙaru da ganin abu ɗaya ta fuskar da ba tasa ba, kuma abin da aka gani ta fuska uku ya fi wanda aka gani ta fuska ɗaya zama a kai. Na biyu, hanyoyin duka sun ƙare a wuri ɗaya, wato lamba da rubutaccen bayani, domin a nan ne za a nemi yaron gobe. Ba a taɓo basira takwas duka ba, kuma babu buƙatar a taɓo. Hanya biyu ko uku da suka dace da darasi sun wadatar, sauran a bar wa wani darasin. Wanda ya dage sai ya cusa takwas cikin minti arba'in zai ƙare da gudu daga wannan aiki zuwa wancan, babu aikin da ya kammalu.

Darasi ne ke zaɓar hanyarsa. Taswira da ido ake koyonta ko da ɗalibi ya fi son sauraro, furucin baƙon harshe da kunne da baki, ɗaurin igiya da hannu. A darasin zagayen ruwa, wato yadda ruwa yake tashi sama ya zama gajimare ya sake saukowa ƙasa, alal misali, basirar lura da halitta ce ta fi cancanta a fara da ita. A ajiye kofi mai ruwan sanyi ƙwarai a kan tebur, a jira ɗigon ruwa ya bayyana a bayansa, a tambayi yara daga ina ya fito. Da yawa za su ce kofin ne ke yoyo. Kada malami ya yi saurin gyara musu. Ya tambaye su yadda za a gwada maganar. Wani zai ce a zuba ruwa mai launi a ga ko ɗigon zai fito da launi, wani zai ce a gwada da ruwan da ba shi da sanyi. Nan basirar bin hujja ta shigo da kanta. Bayan an gano cewa ruwan daga iska ya sauko, sai a zana zagayen a allo, sannan a ce kowa ya ba da labarin ɗigon ruwa guda daga teku zuwa gajimare zuwa ƙasa, da sharaɗin kowane mataki ya faɗi abin da ya jawo shi. Gardner ya yi dogon bayani a littafinsa na shekarar 1991, The Unschooled Mind, cewa fahimtar da yaro ya gina wa kansa tun yana ƙarami tana da taurin kai, har ɗaliban jami'a sukan koma mata idan aka yi musu tambaya a sigar da ba su saba ba. Amfanin yawaita hanyoyi shi ne su tono wannan tsohuwar fahimta fili a yi maganinta.

Sauti da kari su ne aka fi yi wa mummunar fahimta. Kunna kiɗa a bayan fage yayin da yara suke lissafi ba koyarwa ta basirar sauti ba ce, kuma wasu ma raba musu hankali yake yi. Waƙa tana taimakawa wurin haddace abin da ke da jeri, kamar watanni ko jadawalin ninki, amma haddacewa ba ta kai fahimta ba, don haka duk abin da aka rera a dawo a warware shi da tambaya. Inda kari yake aiki na gaske shi ne inda darasin kansa yake da kari a cikinsa: gaɓoɓin kalma da ake tafawa, ma'aunin baitin waƙa, ko tsarin lambobi masu maimaituwa. Haka motsa jiki yake. Tsalle-tsallen da ba su da alaƙa da darasi hutu ne, kuma hutu yana da ranarsa, amma kada a kira shi koyarwa.

Aikin rukuni shi ne filin masu fahimtar mutane, sai dai yana da cutar da kowane malami ya sani, wato mutum ɗaya ya yi aikin sauran su sa suna. Maganin da aka daɗe ana amfani da shi shi ne tsarin da Elliot Aronson ya ƙirƙiro a shekarar 1971 a birnin Austin na jihar Texas ta Amurka. Ana raba darasi kashi-kashi, a ba kowane ɗan rukuni kashi ɗaya. Masu kashi iri ɗaya daga rukunoni daban-daban su taru su naƙalce shi, sannan kowa ya koma rukuninsa ya koyar da abokansa, a ƙarshe a yi wa kowa tambaya a kan darasin gaba ɗaya. Da yake babu wanda yake da cikakken darasin a hannunsa, dole a saurari kowa, har da wanda aka saba rainawa. A riƙa juya ayyuka kuma, kada mai kyawun zane ya zama mai zanen rukuni har shekara ta ƙare, mai baki ya zama kakakinsu na dindindin, domin hakan yana hana kowannensu taɓa abin da ya fi buƙatar koya.

Basirar sanin kai ba ta da hayaniya, shi ya sa ake mantawa da ita. Tana buƙatar shiru, kuma shiru abu ne da malamai suke tsoro. Mary Budd Rowe, wadda ta yi nazarin azuzuwan kimiyya a Amurka, ta ruwaito a farkon shekarun 1970 cewa malamai sukan jira kusan daƙiƙa ɗaya kacal bayan sun yi tambaya, kuma da aka tsawaita jiran zuwa daƙiƙa uku ko fiye, amsoshi suka ƙara tsawo, waɗanda ba su saba magana ba suka fara sa baki. Wannan gyara ne da ba ya cin ko alli guda. A ƙara da minti uku a ƙarshen darasi, kowa ya rubuta abu ɗaya da ya gane da abu ɗaya da har yanzu yake ɗaure masa kai. Malamin da ya karanta waɗannan 'yan takardu ya san inda zai fara gobe.

Haɗari mafi girma a cikin wannan aiki duka shi ne laƙabi. Da zarar an ce wa yaro “kai mai basirar jiki ne”, yakan ji kamar an ce masa karatu ba nasa ba ne, malami ma yakan rage abin da yake tsammani daga gare shi ba tare da ya ankara ba. Gardner ya ba da labarin wani shirin ilimi a wata jiha ta Ostareliya da ya kai ga jera ƙabilu da irin basirar da wai kowace take da ita da wadda ta rasa. Ya fito fili ya yi tir da shi, daga baya aka soke shirin. Kowane ɗalibi yana da rabonsa a dukkan fannonin, kuma rabon yana ƙaruwa da horo. Saboda haka ƙarfin yaro gada ce da za a bi a isa inda yake da rauni. Wanda ya iya zane amma rubutu yana ba shi wahala, a bar shi ya fara zana labarinsa hoto huɗu, sannan ya rubuta jimla biyu a ƙarƙashin kowane hoto, bayan wasu makonni a rage hotunan a ƙara jimlolin. Idan aka bar shi a zane kaɗai da sunan girmama basirarsa, an cuce shi, domin karatu da rubutu da lissafi babu ɗalibin da za a yafe wa su.

Auna fahimta ma yana karɓar hanyoyi da yawa, amma da sharaɗi. Ana iya ba ɗalibai zaɓi su nuna abin da suka koya ta rubutu, ko zane mai bayani, ko ƙera samfuri, ko jawabi a gaban aji, muddin ma'aunin maki ɗaya ne ga kowa kuma an sanar da shi tun farko. Idan darasin zagayen ruwa ne, abin da ake nema shi ne matakai su cika, jerinsu ya yi daidai, a kuma bayyana rawar da zafin rana da sanyi suke takawa. Kyawun launi da daɗin murya ba su da maki. Malami ya yi hattara da kansa a nan, domin samfuri mai ƙyalli yana ruɗin ido, kuma tambaya biyu da baki ga wanda ya ƙera shi sun isa su nuna ko ya gane ko kwaikwayo ya yi. Kada kuma a yi watsi da rubutacciyar jarrabawa, tunda ita ɗalibi zai tarar a gaba.

Wanda zai fara kada ya rushe tsarin darussansa duka a mako ɗaya. Ya zaɓi batu guda da ya san ɗalibai suna tuntuɓe a kansa kowace shekara, ya ƙara masa hanyoyi biyu bayan wadda ya saba, ya ajiye tambayoyi biyar da zai yi kafin darasi da bayansa. Bayan mako biyu ya sake yin tambayoyin ba tare da sanarwa ba, da lambobi ko misalai daban, domin abin da ya rage a kai bayan mako biyu shi ne abin da aka koya. Ya duba musamman sunayen da suka saba zama a ƙasan takarda. Idan sun motsa, ya riƙe hanyar ya kai ta batu na gaba. Idan ba su motsa ba, ya koma ga jimlar da ya rubuta tun farko ya duba a wane mataki aikin ya rabu da ita.